Yadda na gyara mazaunin kayak ɗina na hannu

Alhamdulillah, ƙafafuna sun daina sagewa in na daɗe ina tuƙa kayak, wato ɗan siririn kwalekwale, a bakin teku. Da farko na gwada matashin zama mai kauri, amma ya ɗaga ni sama, kayak ɗin ya riƙa tangaɗi da kowace igiyar ruwa. Ɗaure madogarar baya tamau ma bai hana sagewar ba.

Ashe cinyoyina ne ke reto babu abin tallafa musu. Na yanko soso mai tauri wanda ba ya shan ruwa, kaurin santimita 2, na goge shi da samfefa ya yi gangare. Na shafa gam a shi da gaban mazaunin, na jira ya sha iska kafin in manna. Sannan na matso da matakan ƙafa rami ɗaya, gwiwoyina suka ɗan lanƙwashe.