Yadda na gyara tarakta mai shaƙewa in ta ɗauki garma

Taraktarmu Massey Ferguson 135 ce, mai injin Perkins na silinda 3, tana aiki a wata gona ta hanyar Ejura a Ghana. Kwanan nan da an saka mata garma sai ƙarfinta ya mutu, ta yi ta tari da baƙin hayaƙi. Direba ya ce famfon injekta ne, wato famfon da ke tura dizal cikin inji. Ban yarda ba, don gyaran nan kuɗi ne ba na wasa ba, kuma sau da yawa laifin na filta ne.

Na fara duba kwalbar gilashin da ke ƙasan filtar dizal. Ruwa ne kwance a gindinta, da laka ja, irin ta man da ya daɗe a durom. Na zubar, na wanke, na sa sabuwar filta da sabbin robobinta da na sayo a Suame Magazine, unguwar makanikai da masu sayar da kayan mota a Kumasi. Kaskon man filtar iska kuwa, ƙurar hunturu ta mai da shi kunu. Na wanke, na zuba mai daidai layi.

Baƙin mai na juye shi inji na da ɗumi, na canza filtarsa, na zuba sabon mai samfurin 15W-40.

Inda ake wahala shi ne cire iskar da ke shiga hanyar dizal in an canza filta, in ba haka ba inji ba zai tashi ba. Na sassauta notin saman filtar dizal, na yi ta danna hannun ƙaramin famfon mai har kumfa ta ƙare, dizal zalla na fita. Haka na yi a famfon injekta, sannan na ɗaure. Bugu ɗaya ta tashi, ta ja garma ba tari.