Yadda Ake Gane Irin Bugun Tsaba da Darajarta Kafin a Saya

Tsabar kuɗi biyu na iya fitowa daga gidan buga kuɗi ɗaya, shekara ɗaya, zane ɗaya, azurfa ɗaya, amma farashinsu ya yi hannun riga. Bambancin yana cikin yadda aka gama fuskarsu da kuma adadin da aka buga. Don haka kada ka fara duba makin da kamfanonin tantancewa suka ba tsaba sai ka san irin bugun da ke hannunka.

Ɗauki American Silver Eagle, wadda Amurka ta fara bugawa a 1986, mai nauyin giram 31.1 na tatacciyar azurfa. Ta gama-gari ita ce bugun jari: sau ɗaya ake buga ta, ana tara ta cikin bututun roba, ba ta da harafin gidan bugu. A 2015 kaɗai an fitar da miliyan 47. Sai bugun madubi, wanda 'yan kasuwa ke kira furuf. Ana goge farantin tsabar (faifan azurfar da za a buga) da hatimin bugu har su yi sheƙi, a buga aƙalla sau biyu, sai fili ya zama madubi, zanen kuma ya yi fari kamar an barbaɗa masa gari. Madubi a juye akasin haka ne, zane na ƙyalli, fili ya dushe. A wannan tsabar ya fara fitowa a 2006. A shekarar ne kuma aka fara bugun dushi-dushi mai laushin gani, wanda ke kama da na jari ƙwarai. Abin da zai raba maka gardama shi ne harafin W na gidan bugun West Point a bayan ta dushi-dushin.

Wajen dubawa, kashe fitilun ɗaki ka bar ƙwai ɗaya tak, tsabar na ƙarƙashinsa. Riƙe ta ta gefe kawai, bisa ƙyalle mai laushi, kuma kada ka yi magana a kanta, domin ɗigon yawu yana zama tabo. Karkata ta a hankali, kana juyawa, haske na bin fili. Da ido za ka fara, sannan ka ɗauko gilashin da ke ƙara girma sau 5. Wanda ya fi haka ƙarfi zai nuna maka aibin da masu ba da maki ba sa ƙirgawa, ka raina tsaba mai kyau a banza.

Ma'aunin makin daga 1 zuwa 70 yake, William Sheldon ne ya tsara shi a 1949, kuma da shi kamfanonin PCGS da NGC ke aiki, waɗanda ke tantance tsaba su rufe ta a roba tare da takardar makinta. MS na nufin bugu na yau da kullum da bai shiga hannu ba. Bugun madubi PCGS na rubuta masa PR, NGC kuma PF. Maki 70 na nufin babu aibin da ya samu tsabar bayan bugu ko da an ƙara girmanta sau 5. 69 kuwa akwai ɗan abu ɗaya ko biyu da sai an nema. Idan farin zane da duhun madubi sun rabu sarai a fuska biyu, za ka ga DCAM ko Ultra Cameo a takardar. A tsabar zamani kusan duk bugun madubi na samun wannan, saboda haka kada ka biya ƙari dominsa.

Madubi ba ya ɓoye komai. Shafa ɗaya da ƙyalle, ko mai laushi ne, na barin siraran layuka kamar gashi, waɗanda ba ka gani sai haske ya faɗo a karkace. Tsabar da aka goge ba ta samun lambar maki, sai a rubuta mata kalmar Details, farashi ya faɗi. Akwai kuma tabon madara, fararen ɗige da ke fitowa a azurfa, wani lokaci bayan an rufe ta a roba da maki 70. Daga sarrafa farantin suke tasowa, ba laifin mai ajiya ba ne, kuma gogewa ɓarna take ƙarawa. Gidan bugun Kanada ya shigo da kariyar MintShield a 2018 don rage su. Tsabar kanta za ka duba, ba takardar kaɗai ba. Jakar roba mai laushi ta PVC ma tana barin koren danƙo, a guje ta.

Ƙaranci lissafi biyu ne. Na farko, nawa aka buga: bugun madubi na 1995 mai harafin W guda 30,125 ne kacal, kuma cikin saitin tsabar zinariya kaɗai aka sayar da shi, shi ya sa ake rububinsa. Madubi a juye na musamman na 2019 mai harafin S na San Faransisko an taƙaita shi a 30,000. Na biyu, nawa suka samu wannan maki, wanda za ka gani a ƙididdigar da kamfanonin biyu ke wallafawa. Idan dubban ɗaruruwa sun samu 70, lambar ba ta sa tsaba ta zama mai wuyar samu ba, kuma 69 mai tsabta ta fi dacewa da kuɗinka. Kafin ka biya, shigar da lambar shaidar da ke jikin robar a shafin kamfanin ka gwada hoton da abin da ke hannunka, domin har robar ana yin jabunta.