Kurakuran da muke yi idan yaro ya kawo kuka a coci

Duk lokacin da na zauna da sababbin malaman katekisim da masu kula da yaran bagade, tambaya ɗaya nake fara yi musu: yarinya ta tsaya bayan an tashi aji, ta ce wani babba a coci yana taɓa ta inda bai kamata ba, me za ka yi? Kusan kullum sai wani ya ɗaga hannu ya ce, "Zan kira mutumin in ji ta bakinsa." Na gaji da jin wannan amsa, domin ni ma abin da na yi ke nan, kuma har yau yana ci mini rai.

Yarinyar ba ta wuce shekara 11 ba. Ta jira kowa ya fita, ta ce, "Malama, in na gaya miki wani abu ba za ki faɗa wa kowa ba?" Na ce ba zan faɗa ba. Kuskure na farko ke nan. Da ta ambaci sunan mai koya musu waƙa, sai na rufe ta da tambayoyi: kin tabbata, yaushe, me ya hana ki ihu? Ranar Lahadi bayan Mas na ja mutumin gefe, wai ina yi masa adalci. Ya yi kuka, ya rantse. Kafin yamma ya riga ni zuwa wurin iyayenta, ya ce sharri ake ƙulla masa. Washegari yarinyar ta ce ƙarya ta yi. Ta daina zuwa aji, shi kuwa ya ci gaba da koyar da yara har shekara biyu, sai da wasu iyayen suka kai shi wurin 'yan sanda a kan tasu 'yar. Ni na ba shi wannan shekara biyun.

Saboda haka ku ji ni da kyau. Wanda yaro ya gaya wa ba alƙali ba ne, ba kuma ɗan sanda ba. Kada ka tunkari wanda ake zargi, ko Fada ne, wato limamin coci, ko katekis, ko amininka. Da zarar ya ji, zai goge saƙonnin waya, ya tsorata yaron, ya shirya labarinsa. Abin da nake yi yanzu: in zauna, in yi shiru, in ce "Na ji ki, ba laifinki ba ne, kin kyauta da kika faɗa." In zan yi tambaya, ba ta wuce "sai me ya faru?" Ba na sa wa yaro suna ko magana a baki. Ina da ɗan littafi a jaka. A ranar nake rubuta kalmominsa yadda ya faɗe su, da kwanan wata da lokaci, in sa hannu. Sannan in kai rahoto wuri biyu kafin in kwanta: hukumar ƙasa, wato 'yan sanda ko ofishin kula da yara, da kuma jami'in kare yara na dayosis, wato yankin cocin da bishop ke shugabanta. Wasu abokan aikina sukan fara da dayosis. Ni hukuma nake fara kira, musamman in yaron zai sake haɗuwa da mutumin a makon.

Wani kuskuren kuma ya fi ba ni haushi, domin da sunan ibada ake yin sa. "Kada mu ɓata sunan coci." "A yi sulhu, a rufa asiri." Har a jawo Matiyu 18, wai in ɗan'uwanka ya yi maka laifi ka je ka same shi ku biyu. Haba jama'a! Yarinya 'yar firamare za a zaunar gaban wanda ya ci zarafinta, dattawa kewaye, a ce ta yafe? Wannan rufin asirin ne ya jawo abin da ya fashe a Boston ta Amurka a 2002, inda aka gano an yi ta ɗauke limaman da ake zargi daga wannan coci a kai su wancan, suna samun sababbin yara. Ikilisiya da kanta ta hana wannan. A 2019 Fafaroma Francis ya fitar da dokar Vos estis lux mundi, wato "Ku ne hasken duniya", aka sabunta ta a 2023. Ta wajabta wa kowace dayosis ta buɗe hanyar karɓar ƙorafi wadda kowa zai iya kaiwa gare ta, ta wajabta wa limamai da sistoci su kai rahoto, ta sa ɓoye laifin cikin abin da ake bincikar bishop a kai, ta kuma hana a tilasta wa mai ƙara yin shiru. A Disambar 2019 aka cire dokar riƙe sirri ta fadar Fafaroma daga irin waɗannan shari'o'i. Duk wanda ya ce maka "dokar coci ce a yi shiru", ko bai karanta ba, ko yana kare wani.

Sauran a taƙaice. Kada ka yi wa yaro alkawarin riƙe sirri; ce masa za ka gaya wa waɗanda aikinsu ne su kare shi kawai. Kada ka sa ido a kan limamai kaɗai: binciken da aka yi a Faransa a 2021 ya ƙiyasta yara 216,000 ne limamai da masu zaman zuhudu suka ci zarafinsu tun 1950, adadin ya kai 330,000 da aka haɗa da ma'aikatan coci waɗanda ba limamai ba. Kada ka watsa zancen a WhatsApp, ka tona yaron ka kuma lalata binciken.

Sai masu cewa "ai abin ya daɗe, me ya sa sai yanzu?" Hukumar da ta binciki cin zarafin yara a Ostareliya, a rahotonta na 2017, ta gano cewa waɗanda abin ya shafa kan ɗauki fiye da shekara 20 a matsakaici kafin su iya buɗe baki. A dokar coci wa'adin shigar da ƙarar shekara 20 ne daga ranar da wanda aka cuta ya cika 18, kuma Vatikan na iya ɗage shi. Tsohon da ya zo da furfura yana ba da labarin yarintarsa, a karɓe shi yadda za a karɓi yaro.

Abin da aka faɗa wa Fada a ikirari, wato furta zunubi a asirce, ba zai iya fitar da shi ba. Shi ya sa nake koya wa yara tun ajin farko cewa in wani ya cuce su ba zunubinsu ba ne, su faɗa wa babba a wajen ikirari. Ni kuma ba na zama da yaro ni kaɗai a ɗaki rufe, ba na yi masa saƙo sai ta wayar iyayensa, kuma duk wanda zai taya ni aji sai ya yarda da wannan kafin in ba shi rajista.