Yadda ake fara sauraron waƙoƙin Bangali ba tare da kunne ya rikice ba

Kusan duk wanda na ga ya gwada ya watsar, da kunnen fim ɗin Indiya ya zo. Zai buɗe YouTube yana jiran a cashe, sai ya tarar da wata baiwar Allah zaune gaban hamoniya, ɗan akwatin kiɗa mai kama da fiyano, tana jan waƙa a hankali. Kafin minti biyu ya ce wannan ai maganin barci ne. Galibi waƙar Rabindranath Tagore, shahararren marubucin waƙoƙin Bangali, ce ya faɗa wa, kuma ba da ita ake farawa ba.

Ka fara da Baul. Mawaƙan yawo ne a Bangaladash da jihar Bengal ta Yamma a Indiya, waɗanda tafarkinsu ya ɗebo daga Sufanci da kuma addinin Hindu. Nemi waƙoƙin Lalon Fakir, wanda ya rasu a 1890, kabarinsa yana Kushtia. Kasa kunne ga ektara, mai tsirkiya ɗaya tal kamar kuntigi, da ƴar gangar da mawaƙin ke ɗaurawa a ƙugu. Wadda aka cusa wa jita da fiyano, tsallake ta, wannan doka ce a wurina. Ka ba Baul mako guda. Sauti kawai za ka sauke, bidiyo cin data ne na banza.

Daga nan sai inda na sha wuya: raba bhatiyali da bhawaiya. Sunayen sun yi kama, dukkansu waƙoƙin kewa ne, ga dotara, wani abin kiɗa mai kama da molo, a ciki, na yi watanni ina kiran wannan da sunan wancan. Bhatiyali ta masu kwale-kwale ce, mutum shi kaɗai a tsakiyar kogi ruwa na tafiya da shi. Yakan ɗaga murya can sama tun farko, ya riƙe kalma ɗaya ya yi ta ja har kai mai sauraro numfashinka ya ƙare, sannan ya gangaro sannu a hankali. Bhawaiya kuwa ta arewacin yankin Bengal ce, wajen Rangpur da Cooch Behar, ƙasar masu amalanke, kuma sau da yawa da bakin mace ake yin ta, tana kewar wanda ya tafi. Alamarta muryar takan karye a tsakiyar kalma, kamar amalanken ya faɗa rami. Karyewar nan kaɗai za ka riƙa farauta. Kada ka haɗa mawaƙa biyu, bambancin muryarsu zai ruɗe ka. Abbasuddin Ahmed ya rera duka biyun, to ka jera nasa, ɗaya bayan ɗaya, da abin sa wa a kunne. Faifan tsofaffi ne, suna shuu, ka yi haƙuri.

Sai Kazi Nazrul Islam, mawaƙin ƙasa na Bangaladash, wanda ya rasu a 1976. Shi ya yaɗa salon gazal, wato waƙar bege, a harshen Bangali. Waƙarsa ta ƙaramar Sallah, wadda Abbasuddin ya fara rerawa, har gobe ita ake sawa in an ga wata.

Yanzu ka koma wa Tagore. Waƙoƙinsa sun haura 2,000, kada ka ce za ka bi su duka. Ɗauki Amar Shonar Bangla, taken Bangaladash, da ya rubuta a 1905. Karin nata daga waƙar wani Baul mai suna Gagan Harkara ya aro shi, kunnenka zai gane. Sauran salon waƙa irin su kirtan da gambhira kuma sa jira, ni ma ban gama da su ba.