Idan Gmail na cinye saƙon mutanenka, filta za ka fara dubawa

Jama'a wannan abu ya faru da ni farkon damina, sakataren ƙungiyarmu ta manoman riɗi a nan gefen Gumel ya ce ya turo min fom ɗin bashin taki ta imel har sau biyu, ni kuma wallahi ban ga komai ba, saura kaɗan mu samu saɓani. Ashe wata filta ce, wato umarnin da kake ba Gmail kan abin da zai yi da wasu saƙonni, da na sa tun bara saboda masu tallar bashi sun ishe ni, na ce duk saƙon da ke da kalmar loan a goge shi. To ita filta ba ta san sakatare ba, ba ta san yayanka ba, kalma kawai take gani ta share.

Kafin komai ka ceto saƙon tukuna, don abin da filta ta goge Trash yake faɗawa, wato kwandon shara, can kuma kwana 30 yake yi Gmail ya goge shi gaba ɗaya. A wajen bincike rubuta in:anywhere from: sai ka liƙa adireshin mutumin, zai lalubo har cikin Trash da Spam, in ka gani ka mayar da shi Inbox.

Gyaran filtar ne ke da ɗan wahala don manhajar Gmail ta waya ba ta nuna su sam. Ka samu inda netwok ke da ƙarfi, buɗe Chrome, danna ɗigo ukun nan na sama ka zaɓi Desktop site, ka shiga mail.google.com, danna alamar saiti, See all settings, sai Filters and Blocked Addresses. Rubutun ƙanana ne sosai sai ka buɗa da yatsu biyu. In a shagon kwamfuta ka yi ranar kasuwa, dan Allah ka fita daga akawun ɗinka kafin ka tashi.

Bi su ɗaya bayan ɗaya, wadda ka ga an rubuta Delete it ita ce abar zargi. Ni shawarata ka cire gogewar kawai, danna edit ka mayar da ita Skip the Inbox da lakabi, wato Apply the label, saƙon zai koma gefe amma yana nan. In kuma lallai sai ta goge, to bayan kalmar ka ƙara -from: da adireshin mutuminka, wannan ɗan layin (-) da ke gaban from shi ke ce mata banda wane. Wasu na zaton Never send it to Spam ya wadatar, a'a, ba ya hana wata filtar gogewa.

A ƙasan shafin akwai waɗanda ka toshe, nasu saƙon Spam yake tafiya, duba ko hannu ya taɓa na wani bisa kuskure. In ka ga filtar da ba kai ka sa ba kuwa, wataƙila wani ya shiga akawun ɗin, goge ta ka canza fasawad nan take.

Da na gama sai na kira sakatare na ce ranka ya daɗe a sake turo min da kalmar nan a ciki, muna kan waya saƙon ya shigo.