Yadda za ka ƙiyasta ruwan da Abuja za ta buƙata nan gaba

Toh in aka ɗora maka aikin lissafin ruwan da garin nan zai sha nan da shekara goma ko ashirin, da mutane ake farawa. Ƙidayar ƙarshe da aka yi a ƙasar nan ta 2006 ce, lokacin yankin Abuja na da mutum kusan miliyan 1.4, kuma duk wanda ya taɓa maƙalewa a cunkoson Nyanya da yamma ya san wannan adadi ya tsufa. Sai ka nemi hoton tauraron ɗan adam ka ƙirga rufin gidaje, ka bi masu unguwa ka ji mutum nawa ke kwana a gida ɗaya.

Daga nan sai ƙaruwar jama'a. Raba 70 da kason da suke ƙaruwa a shekara, abin da ya fito shi ne shekarun da za su ninka. In kashi 5 cikin ɗari ne, shekara 14 kenan.

Kada ka yi wa gari kuɗin goro. Gidan Maitama mai shawa da lambu da wankin mota kullum, ba ɗaya yake da ɗakin haya a Mpape ko Gwagwa ba, kowace unguwa da nata lissafin.

A nan ne fa masu lissafi ke tafka kuskure, wajen marasa ƙarfi. Za a je a ƙirga jarka nawa mai ruwa ke sauke wa gida daga kurarsa, a ga mutum bakwai suna maneji da jarka huɗu, sai a rubuta wai buƙatarsu kenan, alhali iya abin da aljihu ya iya saya ne, uwargida tana ajiye ruwan ɗauraya don wanke banɗaki, wanki sai ya taru, wankan yara da rabin bokiti. Ranar da famfo ya shigo tsakar gidan nan, wallahi abin da za su kashe sai ya ninka. Hukumar Lafiya ta Duniya na ɗaukar lita 20 ga mutum a rana a matsayin mafi ƙaranci, 50 matsakaici, 100 wadatacce. Ni dai ba zan sa wa kowa ƙasa da 50 ba.

Misali kawai: unguwa mai mutum 100,000 ta zama 200,000, sau lita 50, lita miliyan 10 kenan a rana. Amma ba duk ruwan da ya bar matata ke isa gida ba, akwai fashewar bututu da masu jona ta ɓarauniyar hanya. In ka ɗauka kashi 30 cikin ɗari ke salwanta, 70 ne ke isa gida, sai ka raba lita miliyan 10 ɗin da 0.7, ka ga an haura miliyan 14.

Ƙara da asibitoci, makarantu, kasuwanni da masallatai, da mutanen Mararaba da Masaka masu kwana a Nasarawa su wuni a Abuja. Ka kuma tuna zafin Maris da Afrilu, lokacin da rijiyoyi ke ƙafewa kowa ya koma kan famfo.

Ka fitar da lissafi uku, na ƙasa, na tsakiya da na sama, sannan ka gwada su da abin da madatsar Usuma da ruwan da ake janyowa daga Gurara za su iya bayarwa. Duk bayan shekara biyu ko uku a koma a sake ƙirga rufin gidajen, musamman ta wajen Lugbe da Kuje inda gini ba ya tsayawa.