Yadda ake gano matashin kwatabak a ƙwallon Amurka, a kuma raine shi

In kana son gane yaron da zai yi ƙarko a NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka, a matsayin kwatabak, mai jefa ƙwallon nan da ke jan ragamar tim, to kar ƙarfin hannu ya ruɗe ka. Fara da bidiyon wasanninsa na kwaleji, ka duba lokacin da ƙattin abokan hamayya suka yo kansa, rikicewa yake yi ko kuwa yana tsayawa ya karanci masu tsaron baya ya saki ƙwallo da wuri, ƙafafunsa ma ka sa musu ido don daga nan saiti ke fitowa.

Gwajin Combine na Indianapolis, inda ake auna gudu da ƙarfin matasan 'yan wasa kafin a zaɓe su zuwa NFL, ni dai ban cika ba shi nauyi ba, Tom Brady fa bai burge a gwajin ba, na 199 aka ɗauka a zaɓen 'yan wasa na 2000, amma ya zama shahararren kwatabak.

In an ɗauke shi kuma don Allah banda gaggawa. Patrick Mahomes, fitaccen kwatabak ɗin Kansas City, kusan duk kakar 2017 a benci ya yi ta bayan Alex Smith yana haddace tsarin wasa. David Carr kuwa tim ɗin Houston suka cilla shi fili a 2002 ba masu kare shi na kirki, sau 76 aka kayar da shi a kaka ɗaya. A fara samo wa matashin kwatabak ƙarfafan 'yan layin gaba masu kare shi, kuma a daina canja masa koci duk shekara.